Zakaran Rurum Ya Daina Cara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu garin katako bai gama fita daga cikinsu ba, Malam Mato mai yankan itace na Rurum Tsohon Gari, a madadin kansa da maiɗakinsa Khadijatu da duk wanda ya taɓa cin tuwon da aka dafa da itacen da ya yanka, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Rano da Kibiya rasuwar injinsa na yankan itace, wanda aka fi sani da Zakara. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a gindin tsohon maɗacin da ke ƙofar makarantar Malam Ishiyaku, yana bakin aiki. Ya bar duniya yana da shekara goma sha ɗaya a hannun mai shi.

Liman ya riga ya yi gyara. Ya ce ƙarfe ba ya rasuwa, lalacewa yake yi, kuma abin da ake yi wa mai shi jaje ne ba ta'aziyya ba. Mato ya karɓi gyaran da hannu biyu, ya ce malam ya fi shi sani, sannan ya juyo ya ce wa mai rubutu ya rubuta rasuwa. An rubuta. Wanda bai taɓa saɓa abu a kafaɗa shekara goma sha ɗaya ba, har kafaɗar ta yi kanta daidai wurin zamansa, ba zai gane ba.

Mato ya kuma ce a rubuta tun daga farko, kafin masu baki su riga shi, cewa babu hannun hassada a cikin wannan mutuwa, kuma shi bai taɓa jin komai a ransa ba game da injin Uzairu na Tarai. Sau uku ya maimaita wannan magana. Sau ɗaya aka rubuta, saboda takarda.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai sanyi wadda Mato bai taɓa faɗin sunanta iri ɗaya sau biyu ba, ya iso Kano a cikin kwali. Ranar da Mato ya je saye, inji uku aka jera masa a kan tebur. Na farko ƙato ne, nauyinsa ya kusa rabin buhun masara, yana shan fetur kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Na biyu mai ƙyalƙyali ne, an manna masa takardu masu launi a ko'ina, ja ɗaya ya tashi, sai dai mai shago bai yarda ya bar shi ya yi minti biyu yana aiki ba, nan da nan ya kashe shi yana murmushi. Na uku matsakaici ne, ja da fari, ba shi da wani ado. Faifan ƙarfen da sarƙa mai haƙora ke zagayawa a jikinsa, wanda Mato ke kira takobi, inci ashirin ne cif.

Tambaya uku Mato ya yi a ranar. Zai ja ƙirya? Ana samun kayansa a Rano? In ya yi zafi aka kashe shi, yana sake tashi? Na ukun ne kaɗai ya amsa duka. Mato na wancan lokacin mutum ne mai hankali, kuma ana ambaton wannan ne don na baya su san an taɓa yi.

Sunan Zakara mutanen unguwa ne suka raɗa masa, don da rana ta ɗan ɗaga muryarsa ce farkon abin da ake ji daga bayan gari. Duk Rurum an san yadda yake tashi. Ja na farko sai ya ce "ƙwas", kamar dattijo yana gyaran murya. Na biyu ya ce "tuf-tuf". Na uku kuwa sai "ruuum, ta-ta-ta-ta", har kaji su watse. Bai taɓa neman ja na huɗu ba, ko da sanyi ko da damina. In ya shiga darbejiya muryarsa siririya ce kamar mai raira karatu. In ya haɗu da ƙirya sai ya sauke ta ƙasa, ya ce "gyaaar", ya dage, ba ya gaggawa kuma ba ya ja da baya. Khadijatu tana iya faɗin irin itacen da mijinta ke yanka daga madafi, kuma da muryar take auna lokacin ɗora tukunya.

Marigayin mutumin kirki ne, in dai za a yarda a ce da inji mutum. Bai da tsirfar abinci. A ba shi fetur da ɗan mansa na haɗi, a wasa masa haƙora da magagari, shi ke nan. Rabin azarar da ke ɗauke da rufin sorayen Rurum Sabon Gari shi ya tsaga ta. Gumaguman da masassaƙa ke fafe turmi da su, shi yake yanko musu, har ana cewa babu sakwarar da aka kirɓa a yankin nan da ba ta da ladansa a ciki. Shekarar da reshen kuka ya faɗo ya tare hanya ranar kasuwar Rano, motocin tumatir suka yi layi rana na dukansu, Zakara ne ya buɗe hanyar kafin kayan su narke. Akwai kuma ranar zuma, wadda ba a mantawa. Mato ya taɓa wani reshe a Dawaki bai san da gidan zuma a kogonsa ba. Ya yar da Zakara a ƙasa ya ranta a na kare, bai tsaya ba sai cikin rafi. Da ƙura ta lafa ya dawo da kumburarriyar fuska, ido ɗaya a rufe, sai ya tarar da marigayin yana nan inda ya bar shi, yana "tu-tu-tu" a hankali, yana jiran sa. Mato bai taɓa gajiya da ba da labarin nan ba.

Yana da 'yan laifuffukansa, don babu gwani sai Allah. Yakan ɗiga baƙin mai a daɓen zaure, abin da ya haɗa shi da Khadijatu tun shekarar farko, ba su kuma shirya ba har ya koma. Ya taɓa cire wa Mato farcen babban yatsa. Mato ya ce ya yafe masa duniya da lahira, shi ne ya kai hannu inda ba a kai wa.

To, sai a zo kan Uzairu, tun da dole sai an zo.

Uzairu ɗan gwaggon Mato ne, wato taubashinsa, mazaunin Tarai ta ƙasar Kibiya. Da can haya yake yi da babur, kuma a lokacin Mato yana son sa ƙwarai. Shekara biyu da suka wuce ya sayar da bijimansa biyu ya sayo inji. Masana'anta ɗaya suka fito da Zakara, launinsu ɗaya, sai dai na Uzairu ya fi girma da ƙarfi, ga takobi inci talatin. Uzairu kan ɗaure shi a bayan babur, takobin ya miƙe baya kamar wutsiyar kada, da jan ƙyalle a bakinsa wai don kada mota ta taka. Ko aikinsa a gabas yake, sai hanya ta biyo da shi ta ƙofar gidan Mato. Ba wai Mato yana ƙirgawa ba ne, amma a watan azumin bara sau tara ya wuce.

In ya wuce kuwa ba ya wucewa shiru. Sai ya rage wuta, ya leƙo zaure ya ce, "Ɗan kawu, ina wuƙar yankan albasar taka? A ara mini in yanke farce." Kowa ya san dokar taubasantaka. Duk abin da taubashi ya faɗa maka, dariya za ka yi, in ka yi fushi kai ne abin dariyar. Mato yana biyan dokar. Yakan yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora, ya ce, "Allah ya shirye ka, bawana." Sannan ya shiga gida ya ƙi cin abinci, ya ce miyar ta yi gishiri.

Mato ya ce a rubuta cewa shi dai ra'ayinsa game da injin Uzairu ra'ayin masani ne kawai. Ƙararsa ta yi yawa. Jansa bai kai na Zakara kyau ba, ya fi kama da jan da aka wanke. Kuma duk injin da ke shan fetur haka ba ya albarka. Abin da bai ce a rubuta ba shi ne ranar sunan da aka yi a Dawaki, lokacin da jama'a suka shiga cin waina, aka hango shi ya tsuguna a bayan babur ɗin Uzairu yana auna takobin da taƙi, yana waige-waige. Ya auna ya sake aunawa, ko zai ragu. Bai ragu ba. Tun daga ranar inci goman nan suka tare a ƙirjinsa, yana kwana da su yana tashi da su. Hassada ga mai rabo taki ce, in ji masu magana, shi kuwa Mato ya yi ta kai wa Uzairu taki ba tare da an aike shi ba.

Ciwon ajali ya faro ne da guguwar farkon damina. Tsohon maɗacin ƙofar makarantar Malam Ishiyaku ya daɗe da bushewa, mutum biyu da ƙyar suke haɗa hannu a gindinsa. Iska ta karkatar da shi ya leƙa katangar makaranta. Malam ya karɓo izini daga malamin daji, ya tara dattawan unguwa a kan tabarma don a san yadda za a yi. Nan ne Sharu Jabiru, wanda Allah bai ba shi birki a harshe ba, ya ce wannan itace ya fi ƙarfin Zakara, a kira yaron nan na Tarai mai dogon inji. A gaban Mato ya faɗa, kuma babu wanda ya musa. Ɓawon maɗaci bai kai maganar nan ɗaci ba.

Taku arba'in ne tsakanin maɗacin da zauren Mato. In Uzairu ya zo ya kayar da shi, Mato zai ji ƙarar yana zaune a ƙofar gidansa, mutanen unguwarsu suna tafi. Daga ranar kuma duk mai babban itace Tarai zai nufa, a bar wa Zakara ƙiraren dafa shayi. Shekara goma sha ɗaya in an ce "mai inji" a Rurum ba a tambayar wanne. Wannan sunan ne Mato ya ga ana shirin cire masa kamar hula. Ya miƙe ya ce a ba shi kwana uku.

Washegari ya hau mota sai Kano. Mai shago ya ɗauko masa takobi inci talatin na gidan su Zakara, ya ce wannan zai zauna daidai, amma ko shi ya yi wa ƙaramin inji nauyi, sai da lallaɓawa. Mato ya dubi takobin. Talatin. Daidai da na Uzairu ke nan, watau ya sha wahalar zuwa Kano don ya yi kunnen doki. Ya tambaya ko akwai wanda ya fi. Mai shago ya ce akwai inci talatin da shida, amma na wata masana'anta ne dabam, mazauninsa ba ɗaya ba ne, kuma ƙofar mansa ba a nan take ba. Mato ya ji "talatin da shida". Sauran maganar ta bi iska. Ya saye shi, ya haɗa da doguwar sarƙarsa, ya riƙo shi a tsaye cikin mota tun daga Kano har Rano, yana ba fasinjoji haƙuri.

Habu bakanike na Rano, wanda shi ne likitan marigayin tun yana sabo, ya juya takobin a hannu ya girgiza kai. Ya ce, "Malam Mato, wannan takalmin wani ne. Ko ya shiga, tafiya ce za ta gaya maka." Ya nuna masa wata 'yar huda a gindin takobin. Ta nan inji ke tofa mai ya jiƙa sarƙa tana gudu. In hudar takobi ba ta hau kan ta inji ba, man zai zube a banza, sarƙa ta yi ta gudu a bushe. Tazarar da ke tsakanin hudojin biyu ba ta fi ƙwayar wake ba. Mato ya ce ƙwayar wake ba za ta hana shi aiki ba. Ya matsa, ya haɗa Habu da girman zumunci, har Habu ya sa magagari ya faɗaɗa mazaunin kusoshi takobin ya shiga, yana yi yana cewa shi dai ya faɗa. Batun mai kuwa Mato ya ce yana da dabara, zai riƙa tsiyayawa da buta.

Ya dawo gida ta doguwar hanya, takobin na miƙe a bayan babur da jan ƙyalle biyu. Ya cire gajeren takobin nan na asali, wanda ya ci da shi shekara goma sha ɗaya, ya rataye shi a ƙusa bayan ƙofar zaure, ko goge shi bai yi ba. Khadijatu tana matsar man gyaɗa a tsakar gida, sana'arta ke nan. Ta ɗaga kai ta dubi Zakara, wanda yanzu hancinsa ke rinjayarsa yana dungurar ƙasa, ta mayar da kanta kan ƙwaryarta ta ce, "Ba girin-girin ba, Malam, ta yi mai." Mato ya ce ai su mata ba su san inji ba.

Ranar Talata da hantsi unguwa ta cika. An fitar da ɗalibai daga makaranta, an ja igiya, masu ƙosai sun matso da kaskonsu. Mato ya dafa marigayin da ƙafa ya ja igiya. "Ƙwas." Ya sake ja. "Tuf." Na uku, shiru. Na huɗu, shiru. Sai a na biyar ya tashi, da wata murya da ba a san shi da ita ba, "wuuu, wuuu", kamar mai hawan tudu da kaya a ka. Daga baya Mato ya amsa da bakinsa cewa a nan ya kamata ya tsaya. Amma ya ga yadda idanun mutane ke bin tsawon takobin, har Sharu Jabiru ya ce "Kai!", sai ya ji wani sanyi a ransa wanda ya shekara biyu bai ji ba.

Marigayin bai yi gardama ba. Bai taɓa yi ba. Ya shiga maɗacin da dukan abin da Allah ya hore masa. Mato na yanka yana tsayawa yana tsiyaya mai da buta, sarƙa na watso masa shi a riga da gemu, kaɗan ne ke shiga inda ake so. Garin katakon da ke fita ya koma baƙi. Hayaƙi ya fara tashi daga bakin yankan, gefen takobin ya yi shuɗi don zafi. Malam Ishiyaku ya matso ya ɗaga hannu, alamar a bar shi ya huta. Mato ya yi niyyar bari. Daidai nan sai ya jiyo ƙarar babur daga hanyar Kibiya. Bai waiwaya ba, don ya tabbata a ransa Uzairu ne ya zo kallo. Ya ajiye butar, ya danne wuta har ƙarshe, ya jingina dukan nauyinsa a kan marigayin.

"Gyaaar," in ji Zakara. "Gyar. Ƙi-ƙi-ƙi." Sannan ya ce "ƙwas", irin ta gyaran muryar nan ta kowace safiya, ya yi shiru.

Mai babur ɗin kuwa mai tallan burodi ne.

Mato ya ja igiya, ta ƙi motsi ko da ɗan yatsa. Iska ta ɗan taɓa maɗacin ya zauna a kan yankan, ya cije dogon takobin ya riƙe gam. Haka marigayin ya rataye a jikin itace a gaban jama'a, har sai da Mato ya sa sufana ya kwance kusoshi biyu ya sauko da gawar a hannunsa, tana ƙona shi bai saki ba. An ɗauko Habu daga Rano. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe. Ya ce inji ya buga, fistin ya narke ya manne, zafin ya kai har can ciki. In za a gyara sai dai a sake masa komai a bar fenti. Mato ya ce wannan ba Zakara ba ne kuma, wani ne sanye da rigarsa.

Itacen da aka yanka rabi, yana leƙen katangar makaranta, ba ya jiran a gama makoki. Malam Ishiyaku da kansa ya ɗaga waya ya kira Tarai. Kafin azahar Uzairu ya iso, jan ƙyallensa na kaɗawa. Mato ya gyara haƙoransa don dariyar dole, yana jiran maganar wuƙar albasa. Uzairu ya sauka, ya dubi gawar a kan buhu, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Ɗan kawu, sannu. Allah ya mayar da alheri." Bai ƙara komai ba. Mato ya ce a duk abin da Uzairu ya taɓa yi masa, wannan ya fi ciwo.

Uzairu ya zagaya maɗacin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da bayan gatari. Ya ce busasshen itace mai tauri haka ba ya son dogon takobi, ƙarfin inji a tsawon yake ƙarewa, kuma ba zai tura nasa inda wani ƙarfe ke binne ba. Ya kwance dogon nasa ya jingine shi a bango. Sannan ya juyo ya ce, "Ina gajeren na Zakara?" Khadijatu ce ta miƙo shi ta bayan ƙofar zaure da sarƙarsa, ta riga ta goge shi. Uzairu ya ɗora shi a jikin injinsa. Kusoshi biyu suka shiga ba tare da magagari ba, huda ta hau kan huda, 'yan gida ɗaya ne. Aka ɗaura igiya a sama, majiya ƙarfi suka riƙe. Ya yanka ta wannan gefe inci ashirin, ya zagaya ya yanka ta wancan gefe inci ashirin, yana buga ƙaramin gungume a bakin yankan. Kafin mai ƙosai ta kwashe kasko biyu, maɗacin ya kwanta a fili, nesa da katanga, ya tofar da dogon takobin Mato a cikin ƙura, a lanƙwashe.

Ana ta kabbara da tafi, Uzairu ya matso kusa da Mato yana share gumi, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ni ma fa dogon nan na kan babur ne. Tun da na saye shi sau huɗu na yi aiki da shi. Gajere nake ɗaurawa in na shiga daji, jiya nawa ya tsage. Ai da ka zagaya shi da Zakara, da tuni ka gama."

Mato ya ce kada a rubuta wannan. Khadijatu ta ce a rubuta, kuma ita ce ta kawo wa mai rubutu fura.

Marigayin ya rasu ya bar magagari biyu, ɗaya ya tsufa ba ya ci, da sufana, da jarkar fetur mai murfin leda, da buhun da yake kwana a ciki, da safar hannu ta dama, ta hagun ta riga shi tun ranar zuma. Ya bar butar nan, wadda ba ta ƙara yin alwala ba. Dogon takobin baƙo ne, ba ya cikin magada, yanzu Khadijatu ke tare bakin akurkin kaji da shi, kuma ta ce a nan ya yi daidai. Babban ɗan marigayin, gajeren takobi, yana Tarai a hannun riƙo. Da Mato ya aika a karɓo, Uzairu ya ce a gaya wa ɗan kawu cewa shi kam ya riƙe shi a matsayin kuɗin sharar bana. Taubashi ne, babu inda za a kai ƙara.

Game da magaji, iyalai suna roƙon jama'a su daina kawo shawara, an samu isasshiya. Habu ya ce a sayo irin marigayin sak, tun da an ga halinsa kuma kayansa na nan a Rano. Khadijatu ta ce haka. Malam Ishiyaku ya ce haka. Mato ya koma Kano, an sake jera masa uku a kan tebur kamar wancan karon. Mai ƙyalƙyalin yana nan, ya ƙara takardu. Irin Zakara yana nan, Mato ya shafa shi ya kau da kai, idonsa ya kawo ruwa. Irin na Uzairu kuwa ya ce ko kyauta ba ya so, kada a ce kwaikwayo yake. Bai tambayi ko zai ja ƙirya ba, bai tambayi ko yana tashi da zafi ba. Tambaya ɗaya ya yi ta yi daga shago zuwa shago, wai akwai wanda ya fi na wani yaro a Tarai? Masu shago suka ce ba su san yaron ba. Ya dawo hannu rabbana, kuma har yanzu ana yi masa addu'a.

Ga yadda aka tsara. Ba za a yi salla ba, bisa gyaran liman. An wanke marigayin da kananzir, an naɗe shi a buhunsa, za a ɗora shi a kan katangar zaure ta ciki ranar Alhamis da hantsi, inda ɗigon mansa ba zai ƙara taɓa daɓen kowa ba. Ana gargaɗin masu sayen tsofaffin ƙarafa kada wanda ya kuskura ya biyo layin da sikeli. Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku a ƙofar gidan Malam Mato, daga hantsi zuwa la'asar. Mai cewa ta'aziyya da mai cewa jaje duk ana maraba da su, amma kada a ambaci inci, ko taƙi, ko tsawon wani abu. Sharu Jabiru ya yi gaisuwarsa daga nesa, an karɓa. Baƙin Tarai su ajiye baburansu a bayan masallaci.

Akwai wurin zama wadatacce. Uzairu ya aiko da benci biyu daga jikin maɗacin. Mato ya bi su da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan yana neman inda yankan ya karkace, bai samu ba.

Daga ƙarshe, akwai sauran gumaguman maɗacin a ƙofar makaranta, kuma Malam Ishiyaku ya ba Uzairu aikin tsaga su a cikin kwanakin nan. Saboda haka duk wanda ya ji ƙarar inji yana zaune a wurin makoki, ana roƙonsa don Allah kada ya ɗaga kai, kada kuma ya dubi mai gida. Mato ya riga ya ji, tun kafin kowa. Muryar ba ta Zakara ba ce, amma haƙoran da ke cin itacen shi ya wasa su da hannunsa.